Daga raga zuwa kula: yadda ake ɗaukar samfurin korona a wurin jemagu

Na fi shekara 20 ina aikin malamin dabbobi a ƙasar Yawuri. Duk tsawon lokacin nan abin da na sani bai wuce allurar shanu, ciwon huhu, da ja-in-ja da makiyaya a kan kuɗin magani ba. Jemage kuwa ban taɓa ɗaukar sa a bakin komai ba. Muna yara aka gaya mana ta baki yake kashi, muka yarda, muka wuce. Sai da wasu masu bincike suka zo suna neman wanda ya san ƙauyuka kuma hannunsa ya saba da dabba mai cizo, aka turo su wurina. Na bi su fita uku, kowace ta kusan mako biyu. Yanzu ƙannena da suka gama karatun lafiyar dabbobi suna yawan tambaya ta yadda aikin yake, domin ana neman mataimaka irinsu. To ga abin da na koya, har da wanda na koya da kunya.

Ka fara sanin abin da ake nema, don kada ka zama ɗan dako kawai. Korona ba ƙwaya ɗaya ba ce, dangi ne babba, kuma jemagu na ɗauke da ɗaruruwansu ba tare da sun yi ko tari ba. Cutar SARS da ta ɓulla a kudancin Sin a 2002 ta kama mutum kusan 8,000, ta kashe kusan 800, kuma a 2005 aka gano 'yan uwanta a jikin wasu ƙananan jemagu masu hanci kamar kofaton doki. MERS ta bayyana a Saudiyya a 2012, ita ta raƙumi take shiga mutum, amma danginta na kusa a jemagu aka same su, har da na Afirka ta Kudu da Yuganda. Wadda ta hana mu sallar Juma'a a 2020 ita ma makusantanta suna jikin jemagun kudancin Sin da Lawos. Kada ka ce wannan labarin nesa ne. A 2010 an fitar da rahoton wata korona mai alaƙa da dangin SARS da aka samu a jikin jemagen kogo a Zariya, har aka raɗa mata sunan garin. Aikin dai shi ne a karanta rubutun halittar waɗannan ƙwayoyi tun suna cikin jemage, a san su wane ne, a ina suke, kuma wace ce ke da alamar iya tsallakowa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni kafin fita, je asibiti a yi maka rigakafin cutar haukan kare, allura 2, tsakaninsu kwana 7. Wanda ba a yi wa ba, ya tsaya a wajen rubutu, kada ya taɓa jemage ko da shi ne shugaban tafiya. Kuma kada allurar ta sa ka sakankance. Akwai 'yar uwar haukan kare da aka fara ganowa a jikin babban jemage a Legas a 1956, wadda wannan rigakafin ba ya tare ta yadda ya kamata. Saboda haka dabara ita ce kada a cije ka. In an cije ka, ko an yakushe ka, ajiye komai, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a agogo, sannan ka nufi asibiti a daren, ba gobe ba.

Takardun izini na gwamnati da na kwamitin ɗa'ar bincike aikin shugaban tawaga ne, kai dai ka gan su da idonka, ka riƙe kwafi a aljihu. Naka aikin shi ne ƙofar gidan hakimi. A nan ne baƙi suka fi yin tuntuɓe. Fitarmu ta farko, likitar da ke jagorantar mu ta so ta fara da bayanin annoba, na ɗan taka mata burki a mota. Na ce, Dakta, in kika ce wa mutanen nan akwai cuta a kan kukarsu, kafin mu dawo an sare ta. Da muka shiga zaure, muka cire takalmi, muka gaisa, hakimi ya dube mu ya ce, "To, malam, mi za ku yi da jemage? Ci, ko magani?" Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ko ɗaya. Awo za mu yi musu kamar yadda nake yi wa shanu, mu ɗebi kashinsu, mu sake su. Dabba kowace iri tana da ƙwayoyinta, muna son sanin nasu tun ba su dame mu ba." Ya yi dariya ya ce shi bai taɓa ganin mai neman kashi da mota ba. Gaskiya ce na faɗa masa, na dai zaɓi inda zan fara ta. Ya haɗa mu da shugaban 'yan banga, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. A yanayin da muke ciki, baƙi biyar da fitilu a goshi suna yawo a bayan gari da ƙarfe ɗayan dare, kai ma ka san abin da za a ɗauke su. Sanar da 'yan sanda, sanar da 'yan banga, ka tafi da ɗan gari. Inda aka ce maka ba a kwana, kada ka yi gardama, nemi wani garin.

Abu ɗaya na manta ban faɗa a zauren ba, kuma washegari na ga sakamakonsa. Da hantsi sai ga yaro ɗan shekara 12 da buhun taki a kafaɗa, abokansa na biye da shi kowa da danƙo a wuya. Ya zazzage mana jemagu matattu a gaban masauki, hannunsa duk jini, ya ce, "Baba, nawa kuka saye?" Raina ya ɓaci, amma laifina ne. Muka wanke musu hannu, muka binne jemagun, na koma wurin hakimi aka sa mai shela. Don haka ka faɗa tun farko, da babbar murya: ba ma saye, ba ma son matacce, kada yaro ya taɓa.

Sai sanin jemagun kansu. Birbiri, wato babban nan mai wuya ruwan ɗorawa da ke taruwa dubbai a kan manyan itatuwa, matafiyi ne, yakan hauro arewa idan damina ta kama. Akwai matsakaici mai fuskar kare da ke kwana a cikin mangwaro da dogon yaro, wanda namijinsa ke kuka da dare kamar ana buga ƙarfe. Waɗannan masu cin 'ya'yan itace ne, suna tauna su tsotse ruwan su tofar da tuƙa, kuma ina jin daga nan zancen kashi ta baki ya samo asali. Sai ƙanana masu cin ƙwari: na cikin silin makarantu da masallatai, da na kogon kuka, tsohuwar rijiya, ƙarƙashin kwalbati, kogon dutse da ramin haƙar zinariya da aka bari. Waɗannan na ramuka, masu hanci kamar ganye, su masu bincike suka fi ɗoki. Tambayi mafarauta da masu ɗiban zuma, sun fi taswira sanin inda suke. In da hali, a daidaita fita da lokacin da 'ya'ya suka fara tashi da kansu, domin bincike a wurare da dama ya nuna 'ya'yan sun fi zubar da ƙwayar.

Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar kama ko ɗaya. Korona a cikin hanjin jemage ta fi zama, don haka kashi ya fi komai daraja. Ka shimfiɗa sabuwar leda mai faɗi a ƙarƙashin inda suke kwana kafin asuba, ka danne gefunanta da duwatsu, ka sa wani ya tsare ta daga awaki da kaji. Suna dawowa daga kiwo za su fara zubarwa. Bayan awa ɗaya, tun rana ba ta taɓa ledar ba, ka zo da tsinken auduga ka tsinci ɗanye ɗaya-ɗaya, daga wurare masu nisa da juna, kowanne a kwalbarsa. Busasshe na jiya ka bar shi. Kada ka shimfiɗa leda ɗaya sau biyu. Illar wannan hanya ita ce ba ka san mai kashin ba, namiji ne ko mace, babba ko yaro, ko da yake ɗakin gwaji na iya gano nau'in jemagen daga kashin kansa.

Kamun raga shi ne aikin da ke cin jiki. Ragar siririya ce kamar gashi, ana ɗaura ta tsakanin gora biyu a hanyar da suke bi: bakin kogo, gefen tafki, tsakanin itatuwa masu 'ya'ya. Kafa ta tun da sauran rana amma a naɗe, ka buɗe bayan magariba idan tsuntsaye sun kwanta, in ba haka ba za ka kwana kana kwance kurciyoyi. Kafin ka matsa kusa, ka sa rigar kariya, takunkumin N95, tabarau, safar roba biyu, da safar fata a hannun da zai riƙe. Na san zafin watan Afrilu, na san yadda gumi ke taruwa a cikin takalmin roba har ya yi ƙara. Ka sha ruwa sosai kafin ka shirya, domin da zarar ka fara, hannunka ba zai je bakinka ba. Takunkumin nan kuma kariya ce ta ɓangare biyu, mu ma muna iya shafa musu tamu murar.

Duba raga kowane minti 10. Jemagen da ya daɗe a ciki yakan naɗe kansa, ya tauna zaren, ya karya fiffike. Fara gano ta wane gefe ya shiga, ta nan za ka fitar da shi. Riƙe shi ta ƙeya da hannun safar fata, yatsa a ƙarƙashin haɓa, ka kwance ƙafafu tukuna, sai fiffike, kai a ƙarshe. Idan ya ciji zare ya ƙi saki, kada ka ja, taɓa masa gefen baki da ɗan tsinke zai buɗe. Kowane jemage jakarsa ta yadi daban, a rataye a igiya a inuwa mai iska, ba a ajiye a ƙasa ba saboda cinnaka. Mai ciki, da wadda ɗanta ke manne a ƙirjinta, su ake fara sallama. Idan jakunkuna sun fi ƙarfin masu aiki, naɗe raga. Kwaɗayin adadi shi ke kashe jemagu a hannun masu bincike.

A teburin aiki mutum uku ake so: mai riƙewa, mai ɗiba, da mai rubutu wanda ba ya taɓa komai sai alƙalami. A auna nauyi tun yana cikin jaka, a auna tsawon ƙashin hannunsa, a duba jinsi, a ɗauki hoton fuska da kunnuwa da jela. Sai tsinken auduga ɗaya a baki, wani sabo a dubura a hankali, a kuma duba cikin jakar, sau da yawa ya bar maka kashi kyauta. Ɗiban jini ka bar wa likita, jemagen da bai kai nauyin ƙwai ba ɗigo kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa. Canja safar sama bayan kowane jemage, goge almakashi da teburi da ruwan Hypo. In ka yi kasala a nan, ƙwayar jemage na 7 za ta bayyana a kwalbar na 8, kuma ba wanda zai gane. Kafin saki, a ɗiga wa masu cin 'ya'yan itace ruwan sukari ko na mangwaro da sirinji, a shafa ɗan jan farce a ƙumbarsa don a gane shi in ya sake faɗawa, a rataye shi a reshe ya tashi da kansa.

Yanzu ga inda aikin yake rayuwa ko mutuwa. Rubutun halittar korona abu ne mai rauni, zafi na cinye shi kamar gishiri a ruwa. Kowane samfuri a kan raba shi biyu: kwalba ɗaya mai ruwan da ke kashe ƙwayar amma ya adana rubutunta, ɗaya kuma mai ruwan da ke barin ta da rai. Ta biyun tana son tulun ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko firizar digiri 80 ƙasa da sifili. Ta farkon tana da haƙuri, amma haƙurinta bai kai na cikin but ɗin mota a Yelwa da azahar ba. A fitarmu ta biyu naitirojin ya ƙare kwana biyu kafin mu gama. Ni na ba da shawarar mu sayi ƙanƙarar masu sayar da ruwan sanyi mu cika kula, na ce ai tafiyar kwana ɗaya ce. Tsakanin Kontagora da Mokwa mota ta lalace, muka yi awa 9 a gefen titi. Da na buɗe kular da dare, kwalabe na iyo a ruwan ɗumi, kuma lambobin da na rubuta da maka ta kasuwa sun narke sun zama shuɗin ruwa. Dakta ba ta ce mini komai ba, ta dai rufe kular a hankali. Dare huɗu na rashin barci ya zama aikin baban giwa. Tun daga ranar, lamba ina rubuta ta da makar da ba ta jin ruwa ko barasar goge-goge, a jikin kwalba da kan murfi, in naɗe da salatif, in sa kwalaben kowane dare a leda mai zif. Littafin rubutu kuma da fensir, sannan in ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin in kwanta: lamba, rana, wuri da lambobin taswira, nau'in jemage, irin samfuri. Lissafa naitirojin da zai ishe ka, ka ƙara na kwana uku. In ya kusa ƙarewa, a tattara a tafi. Wajen ɗauka a yi marufi uku, kwalba cikin gwangwani mai auduga, gwangwani cikin akwati. Safofi, leda da tsinkaye da aka yi amfani da su a jiƙa su da Hypo a ƙone, kada a bar wa yara su yi balan-balan.

Abin da ke faruwa a ɗakin gwaji ba aikinka ba ne, amma ka san shi don ka iya amsa tambaya. Ana tatso rubutun ƙwayar daga samfurin, a yi gwajin PCR, wanda ke ninka rubutun har a iya gano shi, a kan wani ɗan yanki da duk dangin korona suka yi tarayya a kai. Wanda ya nuna alama, sai a sa shi a injin karantawa, wani kamar firji, wani kuma irin MinION bai fi wayar hannu girma ba. Cikakken rubutun korona kusan harafi 30,000 ne, daga haruffa 4 kacal da ke ta maimaituwa. Kwamfuta ta jera shi kusa da na sauran duniya, ta nuna danginsa. Ana yin wannan a nan gida. Mutum na farko da aka tabbatar da korona a jikinsa a Najeriya, a ƙarshen Fabrairun 2020, cikin 'yan kwanaki aka karanta ƙwayarsa a cibiyar da Farfesa Christian Happi ke jagoranta a Ede, jihar Osun, kuma shi ne karo na farko a Afirka. Akwai kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato.

Idan sakamako ya fito, kada kalmar "kama" ta ruɗe ka. Ƙwayar jemagen Sin da aka ce ta yi kama da ta 2020 da kashi 96 cikin 100, ka buga lissafi: bambancin haruffa kusan 1,200 ne, tafiyar shekaru masu yawa. Abin da masana suka fi zuba wa ido shi ne ƙayar da ke jikin ƙwayar, wadda take maƙale ƙwayar halittar mai rai da ita. Duk masuncin Yawuri ya san ƙugiyar da ke kama giwan ruwa ba ita ke kama ƙaramin kifi ba. Haka ƙayar nan, wata ba ta kama komai sai hanjin jemage, wata tana iya kama huhun mutum ko na raƙumi, kuma sai an gwada a ɗakin gwaji mai tsaro ake tabbatarwa. Ko ta iya ɗin ma, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2015 an samu ƙwayar MERS a hancin raƙuma a mayankar Kano, amma gwajin jinin mahautan da aka yi bayan haka bai nuna sun kamu ba. Saboda haka mai rubutu ya riƙa rubuta tsagar bangon ita ma: wa ke shiga kogon, wa ke kwasar kashin don taki, wa ke farauta, waɗanne dabbobi ke kwana a ƙarƙashin itacen, ina rijiya take.

Kuma ka koma garin, ko da masu binciken ba su ce ka koma ba. Tambayar farko da za a yi maka ita ce ko a kashe su. Ka ba su labarin mahaƙar zinariya ta Kitaka a Yuganda, inda cutar Marburg, 'yar uwar Ebola, ta kama mahaƙa a 2007. Aka toshe ramin aka hallaka jemagun, bayan 'yan shekaru wasu suka dawo suka cika shi, kuma aka tarar masu ɗauke da ƙwayar a cikinsu sun fi na da yawa. Masu haƙa a Zamfara da nan kudancin Kabi sun fi kowa buƙatar jin wannan. Sannan ka tuna musu furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa, jemagu ne ke yi musu barbara, wato da hannunsu a miyar kuka da daddawa. Ƙananan kuma ƙwarin gona da sauro suke ci.

Da na koma wurin hakimin nan bayan damina, na tarar an tara mata da yara a ƙofar fada. Na ce mangwaron da aka tsinta da shaidar haƙori kada a ci, kada a ba akuya, a binne shi. Mai share kashin silin ya yayyafa ruwa tukuna, ya rufe hanci da baki. In ana son toshe ramukan rufi, a bari sai sun fita kiwo da dare, kuma ba a lokacin da suke da jarirai ba. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ɗana, to rijiyar gindin kuka fa? Kullum da safe sai mun kwashe tuƙarsu a bakinta." Muka tashi gaba ɗaya muka je. Na auna bakin rijiyar da igiyar guga, hakimi ya aika a kira kafinta, ni kuma na ba da fallen kwano ɗaya da ya rage a bayan ofishinmu.